Takardun shaidar walima daga jerin Excel: ina manhajojin misali suke da amfani, ina kuma iyakarsu?

"Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wata makarantar Islamiyya a Aboabo, nan Kumasi. Bana muna da ɗalibai fiye da 200 da za a ba takardar shaida ranar walima, kuma sunayensu duk suna cikin Excel. Ɗan yayana da ke karatu a jami'ar KNUST ya sa mini Ubuntu a kwamfuta, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ya sauko da wasu ƙananan manhajoji na misali da ake koyon Cairo da su, ya ce da su zan iya fitar wa kowane ɗalibi tasa takardar ta hanyar rubuta umarni a baƙin allo, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni. Na gwada, amma ƙ da ɗ sun koma alamar tambaya, Larabcin ya fito a wargaje, tambarin makaranta kuma ya dushe da aka buga shi a babbar bana, wato ƙyallen sanarwa, a Asafo. Shin waɗannan manhajoji abin dogaro ne, ko in koma yin takardun ɗaya bayan ɗaya da hannu?"

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sanya albarka a wannan hidima. Idan na fahimce ka, tambayarka ita ce ko ƙaramar manhajar da aka rubuta don nuna misali za ta iya ɗaukar nauyin aikin da za a miƙa wa iyayen yara a bainar jama'a. Amsata ita ce hanyar da ɗan yayanka ya nuna maka daidai take, kada ka bar ta, amma kayan da ya ba ka na koyo ne, kuma matsalolin nan uku da ka lissafa ba tushensu ɗaya ba. Ta farko ta faru ne tun kafin manhajar ta taɓa jerin sunayen, ta biyu ce kaɗai laifin manhajar misalin, ta uku kuwa daga hoton tambarin kansa take.

Mene ne manhajar misali

Cairo laburare ne, wato tarin ayyukan zane da masu rubuta manhaja suke kira daga cikin tasu manhajar, ba abin da mutum zai buɗe ya yi aiki da shi kai tsaye ba. Saboda haka masu irin waɗannan laburare sukan haɗa su da gajerun misalai, kowanne yana nuna abu guda: yadda ake ja layi, yadda ake cika da'ira da launi, yadda ake fitar da sakamakon a matsayin fayil ɗin zane na SVG ko PDF. A Ubuntu za ka tarar da ire-irensu da yawa a ƙarƙashin /usr/share/doc, cikin foldar da ake kira examples ta wasu manhajojin. Wanda ya rubuta misalin yana so ya zama gajere har mai koyo ya karance shi a zama ɗaya, don haka da gangan yake cire duk abin da zai tsawaita shi. Ba ya duba ko fayil ɗin da aka ba shi yana da gyara, ba ya tambaya kafin ya rubuta sabon fayil a kan tsoho, kuma yana ɗauka cewa rubutun da za a ba shi haruffan Turanci ne zalla. Kamar ɗinkin da yaron tela yake yi a kan takardar siminti ne: yankan daidai yake, kuma a nan ake koyon sana'ar, amma ba shi ake sawa ranar Sallah ba.

Akwai dai misalan da suka girma suka zama kayan aiki na sosai. cjpeg da djpeg, manhajojin juya hoto waɗanda suke zuwa tare da laburaren JPEG, an gabatar da su ne a matsayin misalan amfani da shi, amma mutane sun shekara da shekaru suna dogara da su. Yadda nake rarrabewa shi ne in duba abu uku: ko manhajar tana da littafin bayani da ke fitowa idan na rubuta man da sunanta, ko tana faɗin abin da ya faru idan na ba ta fayil marar kyau da gangan, da kuma ko har yanzu ana gyara ta. Wadda ta cika waɗannan ina ɗora mata aikin mutane. Wadda ba ta cika ba ina karanta ta, in gudanar da ita yadda take ba tare da na taɓa komai ba, sannan in riƙa canza abu ɗaya-ɗaya ina ganin abin da ya sauya, har in gane yadda laburaren yake tunani.

Inda ƙ da ɗ suka ɓace

Wannan shi ne wurin da ya fi cancantar a tsaya, domin yawancin ayyukan da ake kawo mini a matsayin matsalar zane, idan na bincika, sai in tarar matsalar jerin bayanai ce. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba take adanawa, kuma akwai tsare-tsare daban-daban na cewa wace lamba ce wane harafi. Tsohon tsarin da Windows yake amfani da shi a kwamfutocin da aka saita da Turanci, Windows-1252, gurbi 256 kawai yake da shi, kuma babu ɓ, ɗ, ƙ a ciki, babu ɛ da ɔ na Twi, babu ŋ da ɣ na Dagbani, balle haruffan Larabci. A makarantar Zango kamar taku, inda ɗan Bahaushe da ɗan Dagomba da ɗan Asante suke zaune a tabarma ɗaya, wannan ba ƙaramin gibi ba ne. Idan ka adana jerin daga Excel da zaɓin CSV na yau da kullum, wato fayil na rubutu zalla da waƙafi ke raba ginshiƙansa, duk harafin da ba shi da gurbi sai a maye shi da alamar tambaya. Tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, shi ne yake ɗauke da dukkan waɗannan haruffa, kuma shi kayan layin umarni na Ubuntu suke sa ran samu.

Lalacewar iri biyu ce, kuma sanin bambancinsu zai hutar da kai. Idan ka buɗe fayil ka ga Æ™ a inda ƙ ya kamata ya kasance, ko É— a madadin ɗ, to bayananka suna nan lafiya, an dai karanta fayil ɗin UTF-8 ne da idon tsohon tsari, kuma da zarar an gaya wa manhajar tsarin gaskiya komai zai dawo. Amma idan alamar tambaya ce a rubuce cikin fayil ɗin kansa, harafin ya tafi, kuma babu umarnin da zai iya sanin ko ƙ ne ko ɗ ne a wurin. A halin da ka bayyana, abin yi shi ne ka koma kan asalin fayil ɗin Excel ka sake fitarwa. Sababbin Excel suna da zaɓin CSV UTF-8 a jerin hanyoyin adanawa. Idan kana so ka yi daga baƙin allo, LibreOffice, takwaran Excel da Word, zai yi maka idan an girka shi a Ubuntu:

soffice --headless --convert-to 'csv:Text - txt - csv (StarCalc):44,34,76' dalibai.xlsx

Lambar 44 tana nufin waƙafi ne zai raba ginshiƙai, 34 alamar zance ce da za ta kewaye rubutu, 76 kuma ita ce UTF-8. Bayan haka ka rubuta file dalibai.csv, zai faɗa maka tsarin da fayil ɗin yake ciki, sannan head dalibai.csv ya nuna maka layuka goma na farko ka gani da idonka. Idan wani malami ya aiko maka da nasa jerin a tsarin UTF-16, iconv -f UTF-16 -t UTF-8 tsoho.txt -o sabo.txt zai daidaita shi. Ka lura cewa sunan fayil ɗin fita dabam yake da na shiga. Idan ka yi amfani da alamar > ka mayar da sakamako kan fayil ɗin da ake karantawa, tsarin zai share abin da ke ciki tun kafin a fara karatun, ka tashi da fayil fanko. Saboda wannan nake ajiye asalin jerin a folda dabam, kwafi kawai nake taɓawa.

Akwai wasu ƙananan tarkuna da sunayenmu suke faɗawa ciki. Sa'adatu da Ma'aruf da Mu'azu suna ɗauke da alamar da baƙin allo yake ɗauka a matsayin buɗe zance, don haka umarnin da ya yi aiki a kan Aminu sai ya tsaya cak a kan Sa'adatu. Idan wani ya rubuta suna da waƙafi a tsakiya, manhajar misali da ke yanka layi a kowane waƙafi za ta mayar da rabin sunan ya zama aji. Lambobin wayar iyaye da ke farawa da 024 ko 020 kuwa Excel yakan cinye sifilin farko idan ba a saita ginshiƙin a matsayin rubutu ba. Maganin biyun farko shi ne a karanta jerin da abin da ya san ƙa'idar CSV, kamar sashen csv da ke cikin Python, wani yaren rubuta manhaja, maimakon a yanka shi da hannu.

Abin da ya wargaza Larabcin

A nan manhajar misalin ce ta gaza, kuma masu Cairo ba su ɓoye hakan ba, domin a cikin bayanansu sun kira hanyar rubutu mai sauƙi da misalai suke amfani da ita abin wasa. Abin da take yi shi ne ta ɗauko haruffa ɗaya bayan ɗaya ta jera su daga hagu zuwa dama. Larabci kuwa, kamar yadda ka fi ni sani, daga dama yake tafiya, kuma siffar harafi tana canzawa gwargwadon ko yana farko, ko tsakiya, ko ƙarshen kalma, ga wasulla da shadda da dole su zauna a mazauninsu. Wannan aiki na wasu laburare ne dabam, Pango da HarfBuzz, waɗanda manhajar zane ta Inkscape take amfani da su. Don haka ba na ba ka shawarar ka zauna gyaran misalin. Ka bar zanen rubutu ga kayan da aka gina dominsa.

Hanyar da nake bi a irin aikinka ita ce in zana takardar shaida guda ɗaya a Inkscape, da adonta da tambarinta da Bisimillarta, in bar kalma kamar SUNA da AJI a inda bayanan ɗalibi za su shiga, in adana ta a matsayin SVG. Alherin SVG, wanda ƙungiyar W3C ta amince da shi a 2001, shi ne rubutu ne zalla: kana iya buɗe shi da kowace manhajar rubutu ka karanta. Ba ya adana ɗigo-ɗigon hoto, bayanin siffa yake adanawa, wato ja layi daga nan zuwa can, lanƙwasa shi haka, cika shi da kore. Shi ya sa ko an buga shi a girman katin gayyata ko a girman bango, gefensa yana nan da kaifi. Ga A4 a kwance, saman fayil ɗin ya ƙunshi width="297mm" height="210mm" viewBox="0 0 297 210", ta yadda kowace lamba a cikin zanen milimita ɗaya ce. Ka riƙe cewa ƙidaya tana farawa daga kusurwar sama ta hagu, kuma lambar tsaye tana ƙaruwa ne idan ana gangarowa ƙasa, saɓanin abin da aka koya mana a darasin lissafi. Rubuta ma'aunin da milimita yana kuma kare ka daga wata tsohuwar matsala: Inkscape yana lissafa ɗigo 90 a inci kafin fitowar 0.92 a 2017, daga nan ya koma 96, shi ya sa wasu tsofaffin fayiloli suke fitowa da ɗan ƙanƙanta.

Daga nan sai ɗan gajeren shiri na Python, wanda ɗan yayanka zai rubuta cikin layuka da ba su kai ashirin ba, ya karanta kowane layi na jerin, ya sa sunan a gurbin SUNA, ya adana sabon SVG da lambar ɗalibin a matsayin sunan fayil. Ya tuna cewa alamar & dole ta koma &amp; a cikin SVG, kuma xmllint --noout 001.svg zai faɗa masa idan fayil ya karye. Ya sa text-anchor="middle" don sunan ya tsaya a tsakiya. SVG ba ya karya dogon rubutu zuwa layi na biyu da kansa, don haka ka nemo suna mafi tsawo a jerin, irin mai sunan ɗalibi da na uba da na kaka, ka fara gwaji da shi. Idan ya shiga, sauran za su shiga. Sai a mayar da kowanne PDF:

inkscape 001.svg --export-type=pdf --export-text-to-path --export-filename=001.pdf

Wannan salon umarni na Inkscape 1.0 ne, wanda ya fito a 2020, da waɗanda suka biyo baya. Yawancin darussan da za ka gani a intanet an rubuta su ne kafin lokacin, da gajerun zaɓuɓɓuka irin su -A da -e waɗanda aka cire, don haka idan umarnin da ka kwafo ya ƙi aiki, fara duba inkscape --version kafin ka zargi kanka. Zaɓin --export-text-to-path shi ne wanda na fi so ka riƙe. Yana mayar da kowane harafi ya zama zane, ta yadda kwamfutar maɗaba'a ba ta bukatar zubin haruffan da ka yi amfani da shi. Na sha ganin takarda ta fita lafiya daga hannun mai ita, a buɗe ta a CorelDRAW a shagon bugu inda babu wannan zubi, manhajar ta sauya shi da wani, ƙugiyar ƙ ta ɓace ko ta fito da wani salo dabam da sauran haruffan sunan. Game da zubin kansa, Noto Sans da Andika da Charis suna da haruffanmu masu ƙugiya, Amiri da Scheherazade New suna da kyau ga Larabci, idan kuma kuna son rubutu irin na allo da aka saba da shi a Kano, SIL ta fitar da wanda ake kira Alkalami. Duka kyauta ne. A ƙarshe pdfunite zai haɗa takardun su zama fayil ɗaya da za ka kai Asafo.

Fitar da kowane ɗalibi a nasa fayil yana da wata fa'ida da mu a nan muka san darajarta: idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, abin da aka gama yana nan, sai a ci gaba daga inda aka tsaya. Haka nan idan uba ya zo ana jibi walima ya ce an rubuta sunan ɗansa ba daidai ba, layi ɗaya za ka gyara a jerin.

Tambarin da ya dushe

Ina kyautata zaton tambarin naku hoto ne na JPG ko PNG, wataƙila ma wanda ya bi ta WhatsApp, wanda yake matse hoto idan ba a aika shi a matsayin takarda ba. Lissafin a bayyane yake. Hoto mai faɗin ɗigo 600 yana da kyau a faɗin inci 2, wato kimanin santimita 5, idan ana buga ɗigo 300 a inci. Idan aka ja shi ya kai mita ɗaya a jikin bana, kowane inci ɗigo 15 kacal zai samu, kuma ido zai ga hakan. Sanya hoton a cikin fayil ɗin SVG ba ya canza komai, ko da yake manhajojin juya fayil da yawa abin da suke yi ke nan, su nannaɗe hoton su ba shi sabon suna. Ka rubuta grep -c "<image" tambari.svg, idan amsar ba sifili ba ce, hoto ne a ciki.

Abin da ke bin gefen siffa ya mayar da ita layuka na gaskiya shi ne potrace, wanda Peter Selinger ya rubuta. Baƙi da fari kawai yake ganewa, don haka a fara mayar da hoton haka da ImageMagick, misali convert tambari.jpg -threshold 55% tambari.pbm, sannan potrace -s tambari.pbm -o tambari.svg. Ka gwada lambar tsakanin 40 da 70 har siraran layuka su fito ba tare da ƙura ta biyo su ba, ka mayar da launin a Inkscape daga baya. Idan tambarin yana da ƙananan rubutu a kewaye, kamar sunan makaranta da shekarar kafuwa, kada ka yarda da abin da potrace ya fitar a wannan ɓangaren, ka sake rubuta su da zubin haruffa na gaskiya. Idan kuma yana da launuka masu narkewa cikin juna, ya fi sauƙi a ba mai zane ya sake shi sau ɗaya a ajiye.

Inda wannan hanya take tsayawa

Launi ne babbar iyakarta. SVG da launin allo yake aiki, ja da kore da shuɗi, injin bugu kuwa da tawada huɗu, kuma koren da ke haske a kwamfutarka yakan fito da duhu a takarda. Wannan hukuncin mai injin ne, domin shi ya san tawadarsa da takardarsa, don haka ka nemi ya buga maka guda ɗaya ka gani kafin ya saki sauran, ka kuma tambaye shi ko yana son a bar milimita 3 na ƙari a kowane gefe saboda yanka. Kwamfuta kuma ba za ta gane an rubuta Abdullahi a inda iyaye suke rubuta Abdulai ba, don haka a buga jerin a takarda kowane malamin aji ya duba nasa ya sa hannu, ayar da za a sa a saman takardar kuma malami ya karanta ta a kan bugun gwaji, wasali bayan wasali.

Da ɗalibanku ashirin ne, da na ce ka yi su da hannu, ko ka bar wa mai shagon bugu ya yi da tsarin haɗa jeri da zane da ke cikin CorelDRAW. Amma da fiye da 200, ga shi kuma kowace shekara za a maimaita, wahalar shirya wannan hanya ta yini ɗaya ko biyu ce, baɗi jerin kawai za ka canza. Abu ɗaya da nake roƙonka shi ne kada gaggawa ta sa ka ɗora jerin a shafukan intanet masu juya fayil kyauta. Sunayen yara ne da lambobin iyayensu, amana ce a hannun makaranta, kuma dokar kare bayanan mutane ta Gana ta 2012, Act 843, ta ɗora wa duk mai riƙe da irin waɗannan bayanai alhakin tsare su. Duk umarnin da na ambata a kan kwamfutarka suke gudana ba tare da intanet ba, da zarar ɗan yayanka ya girka inkscape, potrace, imagemagick, poppler-utils da libxml2-utils da umarnin apt.